Rufe garwashi da toka ba kashe wuta ba ne

Daga watan Nuwamba zuwa Fabarairu, lokacin ɗari, iskar hunturu na kaɗawa da ƙarfi a gundumomin Madawa, Buza da Keita. A wannan lokaci komai ya bushe: zana, karan hatsi, harawar da aka jibge bisa rumfa, rumbunan da aka cika bayan girbi. Garwashi ɗaya da iska ta ɗauka ya isa ya cinye abincin shekara.

Da yawa cikin masu girki, in za su tafi kasuwa ko biki, sai su tura toka a kan garwashi su fita. Amma toka adana wuta take yi. Da ita ce kakanni ke kwantar da wuta da dare su tone ta da safe. Tana rage iskar da ke shiga, sai gawayi ya riƙa ci sannu a hankali har tsawon awoyi.

Gawayin ƙasa, irin wanda kamfanin SONICHAR ke haƙowa a Anu Araren cikin jihar Agadez, ya fi na itace daɗewa da zafi. Amfani da shi na rage saran itatuwa, abin da mutanen Keita suka san darajarsa tun aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984. Sai dai kashe shi na buƙatar ƙarin haƙuri.

Ga yadda ya kamata a yi. A fara tun da sauran lokaci kafin fita. A sauke tukunya, a rufe ƙofar iska ta furno. A kwashe garwashi da cokalin ƙarfe zuwa tsohuwar tasa, a fili, nesa da zana da tabarmi. A yayyafa ruwa kaɗan kaɗan, fuska na gefe saboda tururi, ana juyawa har ƙarar ta tsaya. Kada a kwara ruwa cikin murhun laka mai zafi, zai tsage. In ruwa ya yi wuya, a binne garwashin cikin rairayi a kife da murfin ƙarfe. Sannan a kusantar da bayan hannu: muddin ana jin ɗumi, aiki bai ƙare ba. Gawayin da aka kashe ba asara ba ne, in ya bushe yana sake kamawa.

Kada kuma a bar furno cikin ɗaki a rufe, ko da na shayi ne. Gawayin da ke ci ba isasshiyar iska yana fitar da guba marar launi marar wari, mai kisa cikin barci. Alamunta ciwon kai, jiri da amai. Wanda ya nuna su, a fitar da shi waje a kai shi asibiti nan take. In gobara ta tashi, lambar ma'aikatan kashe gobara ita ce 18.