Rikicewar Bugun Zuciya: Ƙwayoyi Ko Ƙuna?

Idan bugun zuciya ya rikice, jini kan daskare a cikinta, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ninka sau 5. Likitoci kan ba da ƙwayoyi, ko kuwa su zura siririyar waya ta jijiyar cinya su ƙone inda rikicin yake tasowa. Binciken CABANA na 2019, kan majiyyata 2,204, ya nuna ƙunar ta fi hana ciwon dawowa, amma bai tabbatar ta fi rage mutuwa ba. Saboda haka kada manomin Kibiya ya yi gaggawar sayar da gonarsa. Ya fara zuwa Babban Asibitin Rano a duba shi, domin maganin tsinka jini, irin su warfarin, shi ne garkuwa daga shanyewar.