Laskar: Musulmin Indiya a Jiragen Ruwan Ingila

Katsinawa sun san labarin hajjin Sarki Muhammadu Dikko na 1921: ya shiga jirgin ruwa daga Ikko zuwa Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, sannan ya nufi Jidda. Waɗanda ba a cika ambata ba su ne ma'aikatan jiragen da ke bin wannan hanya ta Suwes. Da yawansu mutanen Indiya ne, galibi Musulmi, ana ce musu laskar. A 1914 sun haura dubu 50 a jiragen kasuwancin Ingila.

A wancan zamani, zaman jirgi hawa-hawa ne. Kyaftin da hafsoshinsa Turawa ne. Kamfanoni irin su P&O kan raba sauran aiki bisa addini da asali. Kiristocin Goa ke hidimar abinci da ɗakunan fasinja. Mutanen gaɓar Gujarat da Konkan ke jan igiya da wanke jirgi. Ɗakin inji, inda ake ɗura kwal a wuta dare da rana, na ƙabilar Fatan da mutanen Fanjab ne, a wasu kamfanonin kuma mutanen Silet.

Tsakanin Bature da laskar akwai sarang, wanda yake kamar madugu a ayarin fatake. Shi ke ɗebo mutane, galibi daga yankinsu, shi ke raba gardama, kuma yana da nasa kason a albashinsu. Mataimakinsa shi ne tindal.

Tukunya ma ba ɗaya ba ce. Turawa na da naman alade mai gishiri da barasa. Laskar na da kukunsu, bandari, mai dafa shinkafa da miyar wake da man shanu da busasshen kifi. Akan shigo da tumaki da ransu domin Musulmi ya yanka da hannunsa. Salla kuwa sai an riƙa lura da alƙibla, don tana sauyawa duk sa'ad da jirgi ya juya.

Kamfanoni sun ƙyale waɗannan al'adu saboda riba: ga ma'aikaci marar shan giya, ga albashinsa bai kai rabin na Bature ba, wurin kwanan da doka ta ware masa ma ya fi ƙanƙanta. Wannan arha ta jawo musu ƙiyayyar Turawa 'yan ƙwadago. A 1919, da aiki ya yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka far wa ma'aikatan jirgi baƙaƙe da Larabawa da Indiyawa a biranen Kadif da Libaful, duk da cewa yawancinsu talakawan sarkin Ingila ne.