Tsohuwar Bindigar Kaka: Gado Ce, Amma Ba Abin Wasa Ba

Mai karatu, idan gidanku na cikin tsofaffin gidajen Fagge ko Sabon Gari, mai yiwuwa akwai wata doguwar bindigar toka da ke jingine a kuryar ɗaki, tsatsa ta ci bakinta, babu mai kula ta. Kafin ka miƙa ta ga ɗan gwangwan, tsaya ka san abin da ke hannunka.

Bindiga ta daɗe a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka shigo da bindigogi daga ƙasar Nufe. Ta baki ake ɗura irin wannan bindiga: a zuba albarushi, a danna tsumma, a saka harsashi, sannan a ja kunama. Bayan kowane harbi sai an sake ɗuri. Wannan jinkiri na cikin abin da ya sa ba ta iya karawa da makaman Turawan Ingila ba lokacin da suka ci Kano a Fabrairun 1903.

Daga baya ta zama abokiyar mafarauta da masu gadin gona, maƙera kuma suka ƙware wajen ƙera ta da gyara ta. Har yau ƙarar da 'yan bindigar Sarki ke yi ranar Hawan Daushe tana tayar wa dattawa da tsumi. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Sai dai a yi hattara. Bindigar da aka ajiye da ɗuri tana iya tashi ko bayan shekaru, kuma ƙarfen da tsatsa ta ci yana iya fashewa a hannun mai harbi. Kada ka gwada ta, kada ka bar yara su taɓa ta. Dokar makamai ta 1959 ma ta tanadi cewa irin wannan bindiga sai da lasisin 'yan sanda. Ka nemi bayani a wurinsu, ko ka tuntuɓi gidan tarihi na Gidan Makama idan kana so a adana ta.

Abin da ya fi gaggawa shi ne ka zauna da dattijon da ya san tarihinta: wa ya ƙera ta, wa ya rataya ta, a wane daji? Rubuta yanzu, tun yana da rai.

Akwai irinta a gidanku? Ba mu labari a sashen sharhi.