SANIN ƘIRAR JIKI: DARASIN DA YA WAJABA A KAN MALAMAN WASANNI

Ranar 12 ga watan Agusta, 1989, dubban jama'a sun yi cincirindo a babban filin wasa na Surulere a birnin Ikko domin kallon karawar Nijeriya da Angola a wasan neman shiga gasar cin kofin duniya. Ana cikin minti na 77 sai Samuel Okwaraji, saurayi ɗan shekara 25, ya yanke jiki ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Daga wannan faɗuwa bai sake tashi ba. Da likitoci suka binciki gawarsa sai suka tarar zuciyarsa ta yi girma fiye da kima. Shekara 14 bayan haka, a watan Yuni na 2003, irin wannan ta sami Marc-Vivien Foé na ƙasar Kamaru a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa.

A manyan wasanni irin waɗannan akwai likita a bakin fili. Amma a filin makarantar sakandare, ko a gasar ƙananan hukumomi, ko a dandalin da yara ke motsa jiki da asuba, mutumin da ke fara isa kan wanda ya faɗi shi ne malamin wasanni ko kociya. Abin da ya sani game da jikin mutum, ko ya jahilta, shi ne zai yi aiki a 'yan mintocin nan na farko. Wannan ne dalilin da ya sa jami'o'i suka sanya ilmin ƙirar jiki cikin darussan farko da ɗalibin wasanni da motsa jiki zai ci kafin ya wuce gaba, kamar yadda ake yi a sassan da ke koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ibadan da ta Nsukka.

ABIN DA AKE KOYARWA

Ɗalibin likita yana nazarin jiki tun daga ƙoƙon kai har tafin ƙafa, ciki da waje, domin wata rana zai yi fiɗa. Shi kuwa ɗalibin wasanni bukatarsa daban ce, watau ya san jiki yayin da yake motsi. Saboda haka darasinsa yakan fi ƙarfi a kan ƙasusuwa da gaɓoɓi da tsokoki, sa'an nan zuciya da huhu.

Akan fara da ƙwarangwal. Jikin baligi yana da ƙashi 206. Hannu ɗaya, daga tsintsiya zuwa kan yatsu, yana da 27, ƙafa kuwa daga idon sawu zuwa ƙasa tana da 26. Daga nan sai gaɓoɓi, inda ɗalibi zai gane bambancin gaɓar kafaɗa da ta kwatangwalo, masu kama da ƙwallo a cikin ƙoƙo suna juyawa ta ko'ina, da gaɓar gwiwar hannu mai buɗewa da rufewa kamar ƙyaure. Ƙoƙon kafaɗa ba shi da zurfi, shi ya sa hannu ke wulwulawa yadda ya ga dama, kuma shi ya sa kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa saurin gocewa. Ɗan kokawa ko ɗan dambe da ya faɗi a kan miƙaƙƙen hannu yakan san wannan da jikinsa.

Tsokokin da ke motsa ƙwarangwal sun haura 600. Tsoka ba ta turawa, ja kawai take yi, don haka suke aiki bibbiyu, wata ta lanƙwasa gaɓa wata ta miƙar da ita. A nan ne lissafi ke shigowa. Tsokar gaban damtse tana manne da ƙashi kimanin santimita 5 daga gwiwar hannu, alhali tafin hannu yana da nisan kimanin santimita 35 daga wannan gaɓa. Ke nan in mutum ya riƙe dutse mai nauyin kilo 5 da hannu a lanƙwashe, tsokar tana jan abin da ya kai kilo 35, watau ninki 7. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba zai ɗora wa yaro ƙarfe mai nauyi ba da hujjar cewa a ido bai taka kara ya karya ba.

DAGA JALINUS ZUWA YAU

Dangantakar wannan ilmi da filin wasa tsohuwa ce. A wajen shekara ta 157 bayan haihuwar Annabi Isa aka naɗa Jalinus likitan mayaƙan dandali a birnin Pergamon, a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, kuma ta raunukan mayaƙan nan ne ya leƙa cikin jikin mutum. Da yake al'adar zamaninsa ta hana fiɗar gawar ɗan Adam, sai ya koma kan birai da aladu, ya ɗauki abin da ya gani a jikinsu ya jingina wa mutum. Kurakuransa suka zauna cikin littattafai fiye da shekara 1,000.

Ibn al-Nafis, malamin da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya musanta maganar Jalinus cewa jini yana ratsa bangon da ya raba zuciya gida biyu. Ya bayyana cewa jini yana fita ne daga ɓangaren dama ya bi ta huhu kafin ya dawo ɓangaren hagu. A 1543 Andreas Vesalius, malami a Jami'ar Padua ta Italiya, ya fitar da babban littafinsa bayan ya fiɗe gawawwaki da hannunsa, ya nuna cewa muƙamuƙin mutum na ƙasa ƙashi ɗaya ne ba biyu ba, kuma ƙashin ƙirji kashi uku ne ba bakwai ba. A 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar da yadda jini ke zagaya jiki duka. Darasin da malamai ke ciro wa ɗalibai daga wannan tarihi shi ne gani ya kori ji.

YADDA AKE KOYARWA

Babbar matsalar wannan darasi ita ce hadda. Sunayen sassan jiki daga Latin da Girkanci suka fito, kuma ɗalibi na iya haddace ɗaruruwansu ya ci jarrabawa, amma a ce ya nuna tsokar a jikin mutum ya yi zuru. Malaman da suka ƙware sukan bi hanyoyi da dama domin kauce wa wannan.

Ta farko ita ce ƙwarangwal da gumakan roba da ake ɓarewa a harhaɗa. Ta biyu, wadda ta fi dacewa da ɗalibin wasanni, ita ce nazari a jikin mai rai. Ɗalibai kan zauna bibbiyu, kowa ya lalubo ƙoƙon gwiwar abokinsa, da kan ƙashin ƙugu, da agara, da inda jini ke harbawa a wuya da tsintsiyar hannu, wani lokaci har su zana iyakar tsoka a kan fata da alƙalami. Kunya da addini suna da hakki a nan, kuma haɗa maza da maza, mata da mata, yakan warware matsalar ba tare da an rage kome daga darasin ba.

Hanya ta uku ita ce ziyarar ɗakin fiɗa na makarantar likitoci. Galibi ɗaliban wasanni ba sa riƙe wuƙa, sai dai a nuna musu sassan da ƙwararru suka riga suka feɗe suka adana. A Nijeriya dokar da ta ba da izinin wannan aiki tun 1933 aka kafa ta, kuma yawancin gawawwakin da makarantu ke samu waɗanda ba a zo nema ba ne, domin al'adar mutum ya yi wasiyya da jikinsa ba ta kafu ba. Wannan lamari ne mai nauyi ga jama'ar da ke girmama mamaci da gaggauta suturarsa. Malaman addini sun tattauna shi, da yawansu kuma sun halatta bisa larurar ilmi da sharaɗin kiyaye mutuncin gawa. A ƙasar Tailan ɗalibai kan kira gawar da suke koyo a kanta da suna babban malami, su yi mata addu'a irin tasu, kuma ladabi irin wannan abin koyi ne a ko'ina.

Zamani ya kawo sauƙi. A 1977 Gunther von Hagens ya ƙirƙiro a Heidelberg ta Jamus wata dabara ta janye ruwa da kitse daga sassan jiki a maye gurbinsu da roba, su daɗe ba wari ba ruɓewa. A 1994 aka fitar a Amurka da hotunan jikin mutum guda da aka yanka filla-filla aka zuba a kwamfuta, yau kuwa ɗalibi na iya juya hoton gwiwa ta kowace fuska a wayarsa ta hannu. Sai dai hoto ba ya koya wa yatsa bambancin taurin ƙashi da na jijiya.

MATSALAR KALMA ƊAYA

Akwai wani cikas da ya shafi ɗalibi Bahaushe musamman. Hausa tana da wadatar sunaye ga sassan jiki na waje da waɗanda mahauta suka sani: agara, sha-raɓa, ƙwauri, katara, haƙarƙari, guringuntsi, ɓargo, laka. Amma kalmar jijiya ita kaɗai tana ɗauke da abubuwa biyar mabambanta: wadda ke kai jini daga zuciya, da wadda ke komo da shi, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi. In ɗan wasa ya ce jijiyarsa ta motsa, bai faɗi kome ba tukuna. Malamin da ya yi karatu da Turanci amma zai yi aiki da Hausa dole ya iya fayyace wace jijiya ake nufi, ga yaron da kuma iyayensa, musamman da yake sau da yawa gidan mai ɗori ake fara nufa. Masu ɗori suna da daɗaɗɗiyar gwaninta a kan karaya, amma jijiyar da ta tsinke a cikin gwiwa ba a gyara ta da ja da tsinke, kuma ɗauri mai tsanani na iya tare jini har gaɓa ta mutu.

INDA ILMIN KE AMFANI

A bayan cinya akwai tsokoki uku da suka taso daga ƙashin mazauni suka sauka ƙasan gwiwa, watau sun ƙetare gaɓa biyu. Sa'ad da mai tsere ya wurga ƙafarsa gaba, tsokokin nan suna miƙewa kuma a lokaci guda suna ja domin rage gudun ƙwauri, kuma a wannan ƙiftawar ido ne suka fi yagewa. Haka ta faru ga Derek Redmond na Ingila a tseren mita 400 a wasannin Olimfik na Barcelona a 1992, har mahaifinsa ya shigo fili ya tallabe shi zuwa ƙarshe. Haka kuma ta faru ga Usain Bolt a tserensa na ban kwana a London a 2017. Bincike ya nuna cewa atisayen da ke ƙarfafa tsokokin nan yayin da suke miƙewa yana rage wannan rauni da kusan rabi.

A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna. Ta gaba takan tsinke in ɗan wasa ya kafe ƙafa a ƙasa ya murɗa jiki, ko ya dira gwiwarsa ta karkata ciki, kuma komawa fili bayan tiyata yakan ci wata 9 zuwa shekara guda. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fito da tsarin ɗumama jiki na minti 20 a 2006 domin rage irin waɗannan raunuka. Da aka gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Ikko, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100. Rigakafi dai ya fi magani, amma sai wanda ya san dalilin kowane motsi zai iya koyar da shi daidai.

Jikin yaro kuma ba ƙaramin jikin babba ba ne. A ƙarshen dogayen ƙasusuwansa akwai faifan guringuntsi inda tsawo ke ƙaruwa, kuma ba ya rufewa sai ƙarshen shekarun balaga. Wurin nan ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni, don haka abin da zai zama targaɗe ga babba na iya zama karaya ga yaro, wadda in aka yi sakaci za ta bar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Wannan faifan ne, na tsintsiyar hannu, FIFA ta duba da na'urar hoto domin tantance shekarun 'yan wasa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009.

Sai kuma zuciya. A 1996, jim kaɗan bayan Nijeriya ta ci zinare a Atlanta, gwajin lafiya a ƙungiyar Inter Milan ya gano cewa wani murfi a zuciyar Nwankwo Kanu ba ya aiki daidai. Aka yi masa tiyata a birnin Cleveland na Amurka, ya koma ƙwallo ya yi shekaru yana bugawa. A ranar 12 ga Yuni, 2021, zuciyar Christian Eriksen na Denmark ta tsaya ana cikin wasa da Finland, amma aka hanzarta danna masa ƙirji aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu. Dannar nan tana da ƙa'ida: a rabin ƙasa na ƙashin ƙirji, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya san cewa zuciya tana kwance tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya ba zai ɓata lokaci yana yayyafa ruwa ko fifita ba.

Iyaye kan miƙa 'ya'yansu ga malamin wasanni da safe bisa amanar zai dawo da su lafiya. Jami'ar da ta yaye ɗalibi ba tare da ya taɓa ƙwarangwal ba, ko ya gwada dannar ƙirji a kan gunkin koyo, ta tura shi ɗaukar amanar da ba ta shirya shi dominta ba. Kayan da ake bukata a matakin farko ba su fi ƙarfin kowace jami'a ba: ƙwarangwal cikakke, gumaka kaɗan, aji mai ƙarancin cunkoso, da yarjejeniya da makarantar likitoci mafi kusa. Sauran aiki kuwa yana wuyan malami da ɗalibinsa.