Ko Kun Sani? Kifin da Ke Goyo a Baki

Duk duniya babu tafkin da ya kai Tafkin Malawi yawan nau'o'in kifi. Dangin karfasa kaɗai an ƙiyasta sun haura nau'i 700 a cikinsa, kuma kusan dukkansu ba a samunsu ko'ina sai nan.

Abin mamakin shi ne renonsu. Da zarar uwa ta saka ƙwai, sai ta kwashe su cikin bakinta. Haka za ta yi wajen mako uku, ko abincin kirki ba ta ci, har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fara iyo. A wasu nau'o'in ma, ko bayan 'ya'yan sun fara iyo, da sun ga haɗari sai su ruga su koma bakin uwar.

Saboda waɗannan kifaye aka keɓe gandun kiyayewa a kudancin tafkin a 1980, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. A Cape Maclear da ke bakin tafkin, masu yawon buɗe ido kan yi ninƙaya cikin ruwa garau, kifaye shuɗaye da rawaya na kewaye su. Sai dai a yi hattara, ana kamuwa da tsargiya a bakin gaɓar.