Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

A ƙauyen Kwali na ƙasar Gbagyi, ginin tukwane aikin mata ne tun kaka da kakanni. A nan aka haifi Ladi wajen 1925, kuma tun tana yarinya ta koyi sana'ar a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Ba inji, ba aji. Yumɓu ake murzawa a ɗora zobe kan zobe, maginiya tana zagaya tukunyar tana shafa har randa ta miƙe. Sai Ladi ta ɗauki ɗan tsinke ta zana kunama, ƙadangare, kada ko kifi a jikin ɗanyen yumɓu. Hannunta ya fita daban, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanenta a gidansa.

A gidan sarkin ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikinta. Shi ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a cikin masu gini a wurin.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a raba ta da abin da ta zo da shi daga gida ba. Ta koyi gini a kan faifan juyi, ta koyi shafin ƙyalli da gashi a murhu mai tsananin zafi, amma randarta ta Gbagyi da hannu ta ci gaba da gina ta. Tulun da ake saye don ruwan sha ya zama abin da masu kuɗi ke nema su ajiye a falo. Aka baje kayanta a Landan, ta zagaya Amurka a 1972 tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Wasu mata irin su Halima Audu suka bi sahunta zuwa cibiyar. Ta rasu a Minna a 1984, ga hotonta nan yau a bayan takardar naira 20.

Masu shirya wa matan karkara horon sana'a, kafin ku sauke kekunan ɗinki a ƙauye, ku fara tambayar matan abin da hannunsu ya riga ya iya.