Kile ɗaya tamkar da goma: gaskiya ne ko romon baka?

Yau ƙarfe ya yi yawa a karkara. Akwai keke, akwai moto, akwai amalanke mai ƙafar roba. Akwai injin niƙa a gari, akwai motopompo a garka. Duk waɗannan kaya da bulon da noti aka ɗaure su. Ranar da suka lalace, sai an kwance kafin a gyara. Abin kwancewa shi ne kile, wanda wasu ke kira sifana.

Kile iri-iri ne, kowane noti da nasa. Shi ya sa akwatin makaniki ke da nauyi, kuma cika shi sai da kuɗi. To, ga wani kile ya shigo kasuwa, ana kuma tallarsa cikin wayar salula. Masu sayarwa suna cewa shi kaɗai ya isa, wai yana kama kowane noti, babba da ƙarami. Manomi mai ɗan kuɗi a aljihu yana tambaya: ya saya, ko ya bari?

Yaya wannan kile yake?

Siffarsa kamar ɗan guntun bututun ƙarfe ce. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. A bayansa akwai rami mai kusurwa huɗu, inda ake sa hannun murɗawa. A cikinsa akwai ƙananan sandunan ƙarfe, sirara kamar tsinke, an cusa su jikin juna. Kowane tsinke yana zaune bisa ɗan sifirin. Saboda haka ana iya kiransa kile mai tsinke.

Idan aka danna shi bisa kan noti, tsinkayen da suka taɓa notin sai su nutse ciki. Sauran su tsaya waje, su kewaye shi. In an murɗa, waɗanda suka kewaye su ne ke tura notin. In an cire, sifirin ya maido kowa wurinsa.

Wanda ya fi suna sunansa Gator Grip, ƙirar Amurka ne. Yana da tsinke 54. Yana kama noti daga milimita 7 zuwa milimita 19. An kwaikwaye shi da yawa a ƙasar Sin. Ƙarfensu ba ɗaya ba ne, amma dabarar ɗaya ce.

Lambar da ke jikin kile

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san ma'anar lambar da aka buga jikin kile na kullum. Kan noti yana da gefe 6 da kusurwa 6. Lambar ita ce faɗin kan notin, daga gefe zuwa gefen da ke fuskantarsa, a milimita. Kile 10 na noti mai faɗin milimita 10 ne. Kile 17 na mai milimita 17 ne. Wanda ya iya karanta lamba ya riga ya san rabin aikin.

Ƙasashe ba su bi lamba ɗaya ba. Injunan Japan, da na Sin masu kwaikwayonsu, sun fi amfani da 8, 10, 12, 14 da 17. Motocin Faransa, kamar Peugeot, suna da 13 inda na Japan ke da 12. Notin ƙafar keke galibi 15 ne. Famfon rijiyar burtsatse da ake kira India Mark II, kile 17 da 19 yake so. Tsofaffin injunan Ingila da na Amurka kuwa da inci aka auna su. Inci 1 ya ɗara milimita 25 kaɗan.

Wannan yawan lambobi shi ke sa mutum ya yi kwaɗayin kile guda da zai wadatar.

Inda yake da amfani

Kile mai tsinke ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Yana aiki inda ba a bukatar ƙarfi sosai. Yana kwance noti mai tsabta, wanda bai yi tsatsa ba, wanda ba a matse ƙwarai ba. Yana haɗa gadon ƙarfe, tebur, ƙofa, ko ƙafar farantin hasken rana.

Yana kuma kama abin da kile na kullum ba ya iya kamawa: noti mai kusurwa 4, noti mai kunnuwa biyu, ƙugiya, da ƙusa mai zobe a kai. In aka gamu da notin inci a tsohon inji, kuma bai matsu ba, yana iya fid da mutum kunya. A nan ya cancanci yabo.

Inda yake kasawa

Aikin inji daban yake da aikin gado. Notin inji yana shan zafi, yana shan girgiza, yana shan ruwa da ƙura. An kuma matse shi da gangan don kada ya kwance. A nan kile mai tsinke yake nuna rauninsa. Ga dalilai 5.

Na ɗaya, riƙonsa ba shi da ƙarfi. Kile mai zobe, ko soket mai kusurwa 6, ƙarfe guda ne, yana rungumar noti ta kowane gefe. Tsinke kuwa kewayayye ne, wuri ɗan kaɗan yake taɓawa. Kuma ba a manne yake ba. In aka matsa da ƙarfi, tsinkayen su karkace, kile ya zame.

Na biyu, yana cin kusurwar noti. Duk zamewa ɗaya tana goge kusurwa kaɗan. Sau biyu, sau uku, kan noti ya koma kamar ƙwallo. Daga nan ko kile na gaskiya ba ya ƙara kama shi.

Na uku, yana da kauri. Tun da an yi shi ya haɗiye noti 19, faɗinsa ya kai wajen milimita 25, ko da noti 8 za a kwance. A cikin injin moto da motopompo, bulon da yawa suna cikin lungu, jikin bango. Ƙaramin kile yana shiga, shi kuwa ba ya shiga.

Na huɗu, ba shi da zurfi. Tsinkayen suna nutsewa kaɗan ne, sai su tsaya. Idan bulon ya fito da tsawo a bayan noti, kansa zai tokare tsinkayen kafin a kai ga notin. Don haka ba ya kwance buji. Buji dogo ne, yana son nasa kile mai rami, lamba 16, 18 ko 21.

Na biyar, yana tsayawa a 19. Notin ƙafar Toyota Hilux 21 ne. Manyan notuna na injin niƙa da na tarakta sun wuce haka nesa. Inda aiki ya yi nauyi, babu shi.

Ga kuma ƙura. A lokacin hunturu, ƙura da rairayi suna shiga tsakanin tsinkayen. Su haɗu da baƙin mai, su zama kamar laka. Sai tsinke ya nutse ya ƙi dawowa. Kile na kullum kuwa, ko ya faɗa cikin rairayi, a goge shi da tsumma ya koma aiki.

Ɓarnar noti guda

Wani zai ce: noti ɗaya, nawa yake? Notin ba shi da tsada. Cire shi bayan kansa ya cinye, shi ne wahala. Sai an sa guduma da kurfi, ko a kai wa mai walda ya manna masa wani ƙarfe, ko a huda shi. Injunan yanzu da yawa jikinsu sanholo ne, ba ya jure duka. In ya tsage, asara ta ninka.

A dubi mai albasa a Galmi, ko mai garka a Jiratawa ko Ƙwanni. Yana son canja man motopompo. Bulon ɗin zubar da mai ya matsu. Ya sa kile mai tsinke, ya zame, kan bulon ya cinye. Yanzu abu biyu ya rage masa. Ko ya ci gaba da tsohon mai har inji ya mutu, ko ya ɗora inji bisa amalanke ya nufi gari. Kuɗin tafiya, kuɗin gyara, ga kwana biyu shuka ba ta sha ruwa ba. Abin da ya tsimi wurin sayen kile ya biya shi ninki-ninki. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Akwai kuma haɗari ga jiki. Kile da ya zame lokacin da mutum ya sa duk ƙarfinsa, yatsu ne ke bugun ƙarfe. Manomi mai ciwon hannu a lokacin aiki, shi ma asara ce.

Masu talla suna cewa wannan kile yana cire bulon da kansa ya lalace. Yana yi, in lalacewar kaɗan ce kuma bulon ɗin ya riga ya saki. Wanda tsatsa ta kama, ba ya motsa shi.

To, me ya kamata a saya?

Mai moto ko mai motopompo ba ya bukatar akwati cike. Kile kaɗan sun ishe shi. Mafi kyau shi ne mai kai biyu: gefe ɗaya buɗaɗɗen baki, gefe ɗaya zobe.

Ga mai moto da mai motopompo: 8, 10, 12, 14, 17, da kile na buji daidai da injinsa.

Ga mai keke: 10, 13 da 15.

Ga masu kula da famfon gari: 17 da 19, kowane guda biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya murɗa.

Ba dole a saye su rana ɗaya ba. A fara da 10, don ya fi kowane yawan aiki. Kasuwa mai zuwa a ƙara 12, sannan 14. Tsohon kile mai kyau, na hannu, sau da yawa ya fi sabo mai ƙyalli. A duba bakinsa bai buɗe ba, zobensa bai cinye ba. Kile nagari sau da yawa an buga masa Cr-V, sunan irin ƙarfen ke nan. Amma na jabu ma suna buga shi. Don haka a tafi da noti a aljihu, a gwada. In kile ya zauna daram, ba ya rawa, ya yi.

Ƙungiyar manoma tana iya sayen cikakken akwati guda don kowa. Magatakarda ya rubuta cikin littafi wanda ya ara, da lambar da ya ɗauka, da ranar da ya maido. Haka kaya ba su ɓacewa.

Dokokin kwance noti

A goge kan noti, a cire laka da tsatsa.

In ya kafe, a ɗiga masa gazuwal ko baƙin mai, a ba shi lokaci ya jiƙa.

A zaɓi lamba daidai. Kada a sa 13 a noti 12, ko da ya shiga.

A fara da gefen zobe. In noti ya saki, sannan a juya ga buɗaɗɗen baki.

A jawo kile wajen jiki, kada a tura shi. In ya zame, hannu ba ya bugun inji.

Wanda ya riga ya sayi kile mai tsinke, kada ya jefar. Ya ajiye shi don ƙaramin aiki. Kada ya buga shi da guduma, kada ya ƙara masa bututu don neman ƙarfi. Ya wanke shi da kananzir, ya ɗiga masa mai kaɗan, ya naɗe shi cikin tsumma.

Hukunci

Ga makaniki mai cin abinci da gyara, kile mai tsinke ba abin dogaro ba ne. Zai ɓata kayan mutane, ya ɓata sunansa. Ga mai moto da mai motopompo, ba shi ne abin fara saye ba. Kuɗinsa gara a sa su cikin kile 10, 12 da 14 na ƙwarai, waɗanda za su yi shekaru suna aiki, har ɗa ya gada. Ga wanda ya riga ya mallaki waɗannan, kuma yana da rara, ba laifi ya ƙara shi don ƙugiya da noti mai kunnuwa.

Kafin lokacin noman rani ya kama, kowa ya duba injinsa, ya karanta lambobin da yake bukata, ya tanade su. Ba a fafe gora ranar tafiya.